Juna biyu da aikin gaban kwastoma: matakan kare aikinki daga watan farko zuwa bayan arba'in

Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa daga mata masu aiki a garuruwan karkarar Kano da Jigawa, musamman waɗanda aikinsu na mu'amala da jama'a ne: masu zama a shagon POS, da kashiyoyin ƙananan bankuna, da masu sayar da magani a kemis, da masu ba da kati a asibitocin kuɗi, da malaman makarantu masu zaman kansu, da ma'aikatan ƙungiyoyi masu shiga gida gida. Kowacce tana cewa ta samu juna biyu, tana fargabar ranar da mai wurin zai lura, domin ta ga yadda aka yi wa wadda ta gabace ta: an ce ta je gida ta huta, da ta yi arba'in ta dawo ta tarar da wata a kujerarta. Suna so su san yaushe za su faɗa, wa za su faɗa wa, me doka ta ba su, da kuma inda za su kai kuka idan aka sallame su.

A karkara da baki ake ɗaukar aiki, da baki ake sallama, shi kuwa ciki kunya takan sa a ɓoye shi har ya bayyana kansa. Waɗannan abubuwa biyu ne suke haɗuwa su bar mace ba ta da abin nunawa ranar da rikici ya tashi. Matakan da ke ƙasa an jera su ne domin ki haɗa takarda da kwanan wata tun ciki bai fito ba, ba tare da kin zubar da mutuncin da ke tsakaninki da mai wurin ba.

1. Tantance matsayinki a wurin aikin

Ki fara da amsa wa kanki tambayoyi uku: wane ne ya ɗauke ki, yaushe kika fara, kuma yaya ake biyan ki. Tambayar farko ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato, domin mata da yawa da ke zaune a kantar banki ba bankin ne ya ɗauke su ba, wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya turo su, kuma sunansa ne a kan takardarsu. Idan haka ne, duk wasiƙar da za ki rubuta nan gaba sai ta je wurare biyu, ofishin da kike zaune da kamfanin da yake biyan ki.

Ranar fara aiki tana da muhimmanci saboda kuɗin hutun haihuwa ya rataya ne a kan cika wata 6 a jere. Yadda ake biyan ki kuwa shi ne yake nuna ko ke ma'aikaciya ce ko mai cin gashin kanta. Wadda take zuwa a lokacin da aka sa mata, take aiki da na'urar mai shago, take karɓar umarninsa, ma'aikaciya ce ko da kamasho ake ba ta.

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata 3 ya wuce da farawa. Idan ba a ba ki ba, ki roƙa yanzu cikin ladabi.

Gargaɗi: Dokar Ƙwadago ta cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da na ƙwararru daga cikin waɗanda take kira ma'aikata. Idan ke manaja ce ko akanta, takardar ɗaukar aikinki da littafin dokokin kamfani su ne madogararki ta farko, saboda haka ki karanta sashen hutun haihuwa a cikinsu da kyau. Ma'aikatan gwamnati kuma suna bin ƙa'idojin aikin gwamnati, waɗanda suka fi na Dokar Ƙwadago yalwa; na tarayya suna da aƙalla mako 16 da cikakken albashi. Idan ta jiha ko ƙaramar hukuma ce ke, ki nemi takardar da ke aiki yanzu daga ofishin kula da ma'aikata.

2. Haɗa shaidar aikinki tun kowa bai sani ba

Wannan mataki a ɓoye ake yin sa, kuma kayan aikinsa kaɗan ne: waya mai ɗaukar hoto, da littafin rubutu na 'yan makaranta, da jakar leda mai zif da za ta kare takardu daga ruwa da gara. Ki ɗauki hoton takardar ɗaukar aiki, da katin shaidar ma'aikaci, da shafukan rajistar zuwa aiki inda kika sa hannu, da duk saƙon da manaja ya taɓa yaba miki a WhatsApp. Ki je banki ki karɓi bayanan asusunki na wata 6 zuwa shekara, domin alat ɗin albashi mai shigowa kowane wata daga asusu ɗaya shaida ce mai ƙarfi ga wadda ba ta da takardar ɗaukar aiki. Idan a hannu ake biyan ki, ki roƙi a koma turawa ta banki, ko ki riƙa rubuta rana da adadin da aka ba ki da sunan wanda ya miƙo.

Dalilin gaggawar shi ne, da wuya mai wuri ya rubuta cewa ciki ne ya sa ya sallami ma'aikaciya. Abin da akan ce shi ne aikinta ya yi rauni, ko tana yawan makara, ko kwastomomi suna ƙorafi. Idan kina riƙe da shaidar cewa har zuwa watan da kika faɗi cikin babu tuhuma ko ɗaya a kanki, to wannan zargi zai yi wuyar tsayuwa.

Gargaɗi: ki ɗauki abin da ya shafe ki kaɗai. Kada ki kwafi lambobin asusun kwastomomi, ko katin marasa lafiya, ko lissafin ribar shago, domin wannan laifi ne da zai ba mai wurin halastaccen dalilin korar ki. Hotunan kuma ki tura su zuwa imel ɗinki ko wayar wani amintacce, saboda waya tana ɓata ko a sace ta.

3. Fara awo, sannan ki nemo takardar likita

Ki fara awo da wuri, a cikin wata ukun farko idan ya yiwu. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa, wanda ke nufin za ki buƙaci izinin fita daga aiki sau da dama, kuma katin awo ne zai nuna cewa ba yawo kika tafi ba.

A nan ne mata da yawa na karkara suke tuntuɓe. Doka ta ce takardar da za ta buɗe miki hutun haihuwa ta fito daga hannun likita mai rajista. Yawancin ƙananan asibitocin ƙauye ungozoma ce ko jami'in lafiya na matakin farko yake riƙe da su, kuma duk da aikinsu na awo yana da kyau, mai wurin da yake neman hanyar zillewa zai iya ƙin karɓar takardarsu. Saboda haka ki ware rana ɗaya ki je babban asibitin yankinki, irin na Bichi, Dambatta, Wudil, Rano ko Gwarzo a Kano, ko na Haɗeja, Gumel, Ringim, Kazaure ko Jahun a Jigawa. Ki roƙi likita ya rubuta sunanki daidai da yadda yake a takardar aiki, da ranar da ake sa ran haihuwa, ya sa hannu, a buga hatimin asibiti.

Takarda biyu za ki buƙata a lokuta daban-daban. Ta farko ta tabbatar da cikin ce, wadda za ki haɗa da wasiƙar sanarwa. Ta biyu ita ce wadda za ta ce ana sa ran saukarki cikin mako 6 masu zuwa, kuma sai cikin ya kusa cika wata takwas ake karɓo ta. Abin da za ki kashe shi ne kuɗin mota, da na hoton ciki idan likita ya buƙata, da na fotokwafi. Ki yi kwafi uku na kowacce, ki riƙe ta asali a gida.

4. Ki san haƙƙinki, ki yi lissafin kwanaki da kuɗi

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma ya shafi masana'antu da wuraren kasuwanci da na noma, na gwamnati da masu zaman kansu. Ya ba ki damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa idan kin kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ki aiki a mako 6 da ke bayan haihuwa. Na farkon zaɓinki ne, na biyun kuwa dole ne, ko da ke kika so komawa. Idan kin cika wata 6 a jere kafin tafiya hutun, za a biya ki aƙalla rabin albashinki a tsawonsa. Idan kina shayarwa, kina da rabin awa sau biyu a kowace rana cikin lokacin aiki. Sannan ba a ba ki notis na sallama kina cikin hutun, ba a kuma ba ki notis ɗin da wa'adinsa zai cika a cikin hutun, kuma wannan kariya ta haɗa da ƙarin kwanakin da likita ya tabbatar rashin lafiyar ciki ko ta haihuwa ce ta tsare ki. Abin da sashen bai ɗora wa mai wurin ba shi ne kuɗin asibiti, saboda haka kada ki sa shi a lissafinki sai idan yarjejeniyarku ta ambace shi.

Ga misalin lissafi. Idan likita ya rubuta 15 ga Nuwamba, kina iya fara hutu daga 4 ga Oktoba, kuma idan kin sauka a ranar da aka faɗa, mako shidan baya zai cika 27 ga Disamba. Makonnin baya daga ainihin ranar haihuwa ake ƙirga su. Idan albashinki naira 40,000 ne a wata, rabinsa 20,000 ne, wato abin da zai shigo hannunki a mako 12 zai kai kimanin naira 55,000. Ki zauna da maigidanki ku duba wannan giɓi tun da wuri, ga hidimar suna kuma tana jira a rana ta bakwai.

Kwana 42 na bayan haihuwa sun yi kusan daidai da arba'in na wankan jego, don haka wannan ɓangare ba ya kawo saɓani. Inda al'ada da doka suke rabuwa shi ne goyon ciki. A gidaje da yawa mai cikin fari takan koma gaban iyayenta tun cikin yana wata bakwai, wato makonni kafin lokacin da doka ta buɗe mata hutu. Idan gidan iyayenki yana garin da kike aiki, ki ci gaba da zuwa daga can. Idan wani gari ne, to ki nemi rubutaccen izini na ƙarin kwanakin, ko ki haɗa da hutunki na shekara, wanda doka ta sa aƙalla ranakun aiki 6 ga wadda ta cika wata 12.

Gargaɗi: tafiya goyon ciki ba tare da rubutaccen izini ba ita ce hanya mafi sauƙi ta rasa aiki da hujja gaba ɗaya, domin za a ce kin gudu ne daga aiki. Wannan magana ce da ya kamata iyaye da surukai su ji ta daga bakin maigidanki tun kafin a sa ranar tafiya.

5. Zaɓi lokacin da za ki faɗa

Dokar Ƙwadago ba ta sa miki ranar da dole ki sanar ba, sai dai idan littafin dokokin wurin aikinku ya sa. A ganina lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan wata uku, kafin wata biyar: laulayi ya yi sauƙi, hatsarin ɓari ya ragu, kuma hijabi bai daina rufe cikin ba. Idan saura makonni kaɗan ki cika wata 6 da fara aiki, ko a tabbatar da ke bayan lokacin gwaji, babu laifi ki jira wannan rana ta wuce.

Akwai yanayin da jira ba ya da amfani. Mai aiki a gidan mai tana shaƙar fetur, da mai sayar da maganin feshi a shagon kayan noma, da mai hawa babur zuwa ƙauyuka karɓar bashi, duk lafiyarsu ta fi gaban lissafin watanni, su faɗa da zarar likita ya tabbatar.

Gargaɗi: kada abokan aiki su riga manaja ji. Idan labarin ya kai masa ta bayan fage, zai iya sallamar ki ya ce bai san kina da ciki ba, kuma babu takardar da za ta ƙaryata shi. Haka kuma idan aka tambaye ki kai tsaye kada ki yi ƙarya. Ki ce za ki kawo bayani a rubuce, ki kawo shi washegari.

6. Faɗa da baki, ki biyo da wasiƙa

Miƙa wa dattijo wasiƙa ba tare da magana ba yana iya zama kamar rashin kunya, musamman idan mai wurin abokin mahaifinki ne ko maƙwabci. Ki zaɓi lokacin da babu layi, ba ranar kasuwa ba. Wadda take Wudil ta kauce wa Juma'a, ta Maigatari ta kauce wa Alhamis, ta Dambatta ta kauce wa Lahadi. Bayan gaisuwa, magana irin wannan ta wadatar: "Ranka ya daɗe, na zo ne in sanar da kai cewa Allah ya ba ni juna biyu. Likita ya ce lafiyata ƙalau, kuma ina nan a kan aikina har lokacin hutu ya yi. Ga takarda na rubuto domin a sa a fayil." Idan nauyin bakin ya yi miki yawa, ki fara faɗa wa babbar mace a wurin, ko matar mai wurin idan kuna da kusanci, ko maigidanki ya raka ki, amma wasiƙar da sunanki da sa hannunki za ta kasance.

Wasiƙar ba ta buƙatar tsawo. Ki sa kwanan wata, ki ce kina sanar da cewa kina da juna biyu, ki faɗi ranar da likita ya rubuta, da ranar da kike son fara hutu, da ranar da kike sa ran dawowa, da ranar awo a asibitinku. Ki rufe da cewa kina son ci gaba da aikinki kuma a shirye kike ki koya wa wanda zai riƙe miki. Ki kawo kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya ki tafi da shi. Idan an ƙi sa hannu, kada ki yi gardama. Da yamma ki ɗauki hoton wasiƙar ki tura ta WhatsApp da gajeren saƙo cewa ga takardar da kika kawo ɗazu. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da shaidar da ta fito daga waya da kwamfuta idan an cika sharuɗɗanta.

Gargaɗi: kada ki cika wasiƙar da ban haƙuri, kada kuma ki rubuta kalmomi irin "idan babu dama zan haƙura", domin ana iya ɗaukarsu a matsayin amincewa da barin aiki.

7. Daidaita aikin gaban kwastoma

Mai wuri yana tsoron kanta ta zauna babu kowa, don haka ki je masa da mafita a hannu. Ki ba shi jadawalin ranakun awo, ki nemi musanya da abokiyar aiki, ki nemi kujera mai jingina idan aikin na tsayuwa ne, da damar shan ruwa da zagayawa, da sauke miki ɗaukar kwalaye masu nauyi. Idan laulayi ko hawan jini ya kwantar da ke, sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci har ranakun aiki 12 a shekara da albashi, matuƙar likita ya ba da takarda. Ciwon kai mai tsanani, ko ganin dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko zubar jini, duk dalilai ne na barin kanta zuwa asibiti nan take, izini ya biyo baya ta waya.

Maganar da za ki fi ji ita ce "kwastomomi ba sa son ganin mai ciki a gaba", ko "bai dace mace da tsohon ciki tana zaune cikin maza ba", wani lokacin ma da sigar tausayi ake faɗin ta. Ra'ayin kwastoma ba hujja ba ce ta rage miki matsayi ko albashi. Idan aka ce za a mayar da ke ofishin baya, ki tambayi abu uku: albashi da alawus za su canza, kamashon da kike samu a kanta fa, kuma yaushe za ki koma kujerarki. Idan amsoshin sun yi miki, ki karɓa a rubuce, domin ga wasu matan sauƙi ne na gaske. Idan kuɗinki zai ragu, ki rubuta cewa ba ke kika nema ba kuma ba ki amince da ragin ba.

8. Riƙe littafin abin da ya faru

Daga ranar sanarwa, duk abin da ya sauya ki rubuta shi a ranar: kwanan wata, da abin da aka faɗa, da wanda ya faɗa, da waɗanda suke wurin. Ki lura da takardar tuhuma a kan abin da a da ba a tuhuma, da ɗaga miki adadin kwastomomin da za ki kawo, da raba wa wasu kwastomominki, da yanke albashi saboda ranar awo. Sashe na 5 ya hana mai wuri cire tara daga albashi yadda ya ga dama. Kowace tuhuma ki amsa ta a rubuce cikin wa'adin da aka ba ki, da sanyin murya, ki haɗa da hoton katin awo idan ranar ta dace da shi.

9. Idan aka ce ki je gida ki huta, ko aka miƙo takarda

"Ki je ki huta, in kin haihu ma yi magana" ita ce sallamar da ta fi yawa a karkara, kuma haɗarinta shi ne ba ta da kamar sallama. Ki tambaya cikin girmamawa: "Alhaji, hutu ne da albashi ko sallama ce, kuma wace rana zan dawo?" Ki roƙi amsar a rubuce. Idan ba a bayar ba, washegari ki zo aiki kamar kullum, idan an hana ki zama ki tura saƙo cewa kin zo an ce ki koma.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagora: kada ki rubuta takardar ajiye aiki, kada ki sa hannu a kan wadda aka rubuto miki, ko da an yi miki alƙawarin za a mayar da ke bayan suna. Kada kuma ki sa hannu a takardar da ta ce kin karɓi dukkan haƙƙinki kafin wani masani ya karanta miki. Kina iya cewa za ki kai gida a duba. Kotu tana sauraron wadda aka matsa wa har ta ajiye aiki, amma tabbatar da matsin ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Idan sallamar ta tabbata, ki duba notis. Sashe na 11 ya sa kwana 1 ga wadda ba ta wuce wata 3 ba, mako 1 daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, da wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Cika notis bai wanke sallamar da ciki ne dalilinta ba. Ki miƙa na'urar POS da makullai da ragowar kuɗi a gaban shaida, a yi lissafi a sa hannu, domin zargin ɓatan kuɗi shi ne makamin da akan ɗauko idan mace ta ce za ta kai ƙara.

10. Kai kuka, daga kusa zuwa nesa

Ki fara da sulhu, domin a ƙaramin gari gobe ma za ku haɗu a wurin biki ko ta'aziyya. Maigidanki ko waliyyinki ya samu mai wurin, in ta ƙi a je gaban mai unguwa ko dagaci ko limami. Ki tafi da buƙata takamaimai: mayar da ke aiki, ko biyan rabin albashin hutu da kuɗin notis da duk bashin albashi. Abin da aka amince a rubuta, shaidu su sa hannu, a faɗi ranar biya.

Idan sulhu bai yi ba, ki rubuta koke zuwa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano ko Dutse, inda jami'an ƙwadago suke kiran ɓangarori biyu su sasanta. Idan kina cikin ƙungiyar ƙwadago, ki sanar da shugaban reshenku tun farko. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke kyauta, haka ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Ba da Agajin Shari'a suna taimakon marasa ƙarfi ba tare da kuɗin lauya ba. Kuɗin mota da na fotokwafi ne za su ci aljihunki, saboda haka ki haɗa takardunki a jere bisa kwanan wata domin tafiya ɗaya ta wadatar.

Matakin ƙarshe shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya sa sashe na 254C, wanda ya keɓe mata shari'o'in aiki, har da na nuna bambanci a wurin aiki, sashe na 42 na tsarin mulkin kuma ya hana nuna bambanci saboda jinsi. Kotun ta taɓa yanke hukunci a kan wata ƙungiyar agajin lafiya da ta sallami ma'aikaciyarta bayan ta sanar da cikinta, ta ce nuna bambanci ne, ta sa a biya ta diyyar albashin shekara guda. A 2023 ma ta rushe ƙa'idar 'yan sanda da ke korar 'yar sanda marar aure idan ta yi ciki. Kotun tana da cibiyar sulhu, kuma shari'a tana cin lokaci da kuɗin shigar da ƙara da na lauya, don haka ki auna abin da kike bi da abin da za ki kashe.

Gargaɗi: kada ki kai rikicin sallama ofishin 'yan sanda ko kotun majistare ko ta shari'a, domin ba hurumin su ba ne. Kada ki hau Facebook ki ambaci sunan mai wurin. Idan gwamnati ce ta sallame ki, ki ga lauya kafin wata 3 ya cika, saboda akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wannan wa'adi, kuma lauyoyinsu sukan ɗauko ta.

11. Komawa bayan arba'in

Mako guda kafin ranar dawowa ki tura saƙo ki tunatar, ki haɗa da kwafin takardar haihuwa. Idan tiyata aka yi miki ko jikinki bai warware ba, ki aika da takardar likita kafin hutun ya ƙare, ba bayan ya ƙare ba. Ki tsara da manaja yadda za ki riƙa amfani da rabin awa biyun shayarwa. Wasu sukan roƙi a haɗa musu su zama awa guda su tashi da wuri, kuma wannan sai da yardar mai wurin. Idan za a riƙa kawo miki jaririn, ki samu 'yar raino da wurin zama a gefe wanda ba gaban kanta ba. A ranar farko ki sa hannu a rajista, ki karɓi kayan aiki da lissafi a rubuce daga wadda ta riƙe miki, sannan ki duba albashin watan farko ki tabbatar ya koma cikakke.